Jini a Cikin Rigata

An ce yau za a karrama ta a Ulanbatar,
Dakta Yanjindulam, mai shekara sittin da bakwai.
An ce maƙalunta ɗari da goma sha huɗu ne,
an ce masana sun ambace ta sau dubu uku da 'yan kai
daga ƙasashen da ban iya nuna su a taswira ba.
Ni dai ban ƙirga wannan ba.
Tayoyi na ƙirga: arba'in da ɗaya suka fashe mana.

Ni ne Gombosuren, direbanta.
Shekara ashirin da biyu ina jan tsohuwar motar Rasha
a filin da babu titi, sai sawun wanda ya riga ka,
ita tana gefe, littafi a cinya,
tana rubutu mota na tsalle,
har bakwai ɗinta ya koma kamar ɗaya.

Ta koya mini abu guda tun ranar fari:
jini in ya daskare, ya tashi daga aiki.
Sai na riƙa cusa kwalaben cikin rigata,
tsakanin fata da gashin rago,
jinin tumaki tamanin yana kwana a ƙirjina
kamar kaza a kan ƙwai.

A Zabhan, daren da injin ya mutu,
sanyi ya kai inda tofi ke faɗuwa da ƙara.
Muka taka zuwa tantin Tserenhand.
Tumakinta talatin sun yi ɓari a sati biyu,
mijinta na kwance, gwiwa ta kumbura,
zazzaɓi na zuwa da dare, ya tafi da safe kamar ɓarawo.
Dakta ta dubi garke, ta dubi mutumin,
ta tambayi wa ke cire mabiyiya da hannu.
Bakkale, ta ce. Ciwo ɗaya ne, gida biyu ya kama.

Wannan daren shi ne maƙala ta goma sha tara.
Ita aka fi ambata, in ji su.
Babu warin hayaƙin kashin shanu a cikinta,
babu shayin madara mai gishiri da ya dawo da yatsunmu.
A can ƙasa, layin godiya, akwai sunana,
an rubuta shi da kuskuren harafi ɗaya.
Ban taɓa gaya mata ba.

Ta talatin da biyu kuwa, ba sa son zancenta.
Ta gano ta ninka lissafin garke guda.
Babu wanda ya lura, da ta yi shiru da ya wuce.
Ta sa na tsaya a bakin kogin Ider,
ta yi kuka kaɗan, ta share,
ta rubuta wa mujallar da hannunta: na yi kuskure.
Shekara uku ba a ba mu kuɗin mai ba.
Gaskiya ɗaci gare ta, da ƙafa muka sha shi.

Yanzu ga ta can a kan dandamali,
ta ƙanƙance cikin rigar siliki shuɗiya.
Wani saurayi yana karanto sunayen maƙalu,
mutane na tafi, ita tana kallon agogo.
Na san dalili: watan haihuwar tumaki ya kama.

Jiya jikar Tserenhand ta kira ni.
Ta ce 'yan raguna ɗari biyu da shida, duk a tsaye,
ta ce an ɗiga musu rigakafi a ido tun kaka,
ta ce safar hannu ta ƙare, in taho da kwali.
Ba ta san sunan mujalla ko ɗaya ba.

Na fito waje kafin a gama,
in tayar da mota ta ɗumama.
Iska ta bugo daga arewa,
sai na ji hannuna ya kai ƙirji da kansa,
yana lalubar kwalaben da babu.